Hadarin da ke wucewa ta kanmu ne yake zama guguwa a Amurka? Masu bibiya ku matso

Juma'a, 28 ga Yuni, 2024

Mai Leƙen Hadari: Slm jama'a, barkanmu da Juma'a. Don Allah duk mai data ya buɗe taswirar cibiyar nan ta Miami da ke sa ido kan guguwar teku, NHC, ya kalli tsakiyar Atilantika. Akwai wani curin hadari da suka sa wa lamba 95L, tun ranar Talata nake binsa, lokacin alamar ruwan ɗorawa ce a kansa, ta koma ruwan lemo, yanzu kuwa ja ce zur, kuma ja a wurinsu na nufin damar ya zama guguwa ta haura kashi 60. Abin da ya hana ni sukuni shi ne wurin da yake da kuma watan da muke ciki. Yuni fa! Guguwar Yuni yawanci can kusa da Mexico ko Florida take tasowa, kamar Alberto da ta shiga Tampico makon jiya, amma wannan daga gaɓar Afirka ya fita kuma yana tsakiyar teku yana ƙara murɗewa. Ni dai ina ganin bana sai addu'a, 2005 ce za ta dawo, shekarar nan da guguwowi suka yi yawa.

Baba Manomi: Wa alaikassalam yaro. To mu da muke nan Gumel muna jiran ruwa ya zauna mu gama noman fari, me ya haɗa mu da guguwar Amurka?

Mai Leƙen Hadari: Baba ai a nan daɗin yake. Hadarin nan da kake gani ya taso daga gabas da la'asar, ya haɗe baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar kwanon rufi kafin ruwa ya sauko, ba a Gumel yake ƙarewa ba. Ayari ne guda yake tafiya yamma, daga wajen duwatsun Habasha da Darfur, ya ratsa Chadi, ya bi ta kanmu da Nijar, ya wuce Mali har ya faɗa teku ta Senegal ko Gini. In ya samu ruwa mai ɗumi sai ya fara juyawa.

Malamin Jogirafi: Maganarsa gaskiya ce Baba. Ayarin hadarin nan kusan 60 ne ke fita daga Afirka kowace shekara, duk kwana uku zuwa biyar ɗaya zai wuce, shi ya sa ma a tsakiyar damina za ka ga an yi ruwa sosai, a ɗan huta kwana biyu uku, a sake. Galibinsu a teku suke watsewa ba wanda ya san da su. Amma manyan guguwowin Atilantika, masu mataki na 3 zuwa sama a ma'aunin ƙarfin iska mai hawa biyar, wajen kashi 85 cikin ɗari daga irin wannan ayari suke fitowa. Inda ban yarda da ƙanina ba shi ne batun 2005. Kai da ganin hadari ɗaya a Yuni har ka yanke wa shekara hukunci? Da sauran rina a kaba.

Mai Leƙen Hadari: Malam ba ni kaɗai ba ne fa. Jami'ar Jihar Colorado tun Afrilu suka ce suna hasashen guguwa 23 masu suna, hukumar yanayi da teku ta Amurka, NOAA, ta ce 17 zuwa 25, alhali matsakaicin shekara 14 ne, 7 su zama mahaukata, wato masu iska mai tsananin ƙarfi, 3 su kai manya. Ruwan tekun ya yi zafi irin na Satumba tun yanzu, El Nino kuma, ɗumamar tekun Pasifik da ke danne guguwar Atilantika, ta tafi.

Malamin Jogirafi: Na ga hasashen kuma ban raina shi ba. Abin da nake cewa shi ne sammakon guguwa da nauyin shekara abu biyu ne. Ɗauki 1992, har tsakiyar Agusta ba a raɗa wa ko ɗaya suna ba, ta farko ita ce Andrew, ranar 24 ga Agusta ta afka kudancin Florida tana mataki na 5, ta baje garin Homestead. Shekarar gaba ɗaya shida kacal aka sa wa suna. A 2004 sai 1 ga Agusta aka samu Alex, amma kafin Satumba ta ƙare Charley da Frances da Ivan da Jeanne duk sun taɓa Florida. Sai ka juya ka kalli 2013, Andrea da Barry duk a Yuni suka zo, kowa ya ɗaure ɗamara, ƙarshe biyu ne kawai suka kai mahaukaciya, Humberto da Ingrid, ko ɗaya ba ta kai mataki na 3 ba.

Mai Leƙen Hadari: Na yarda Malam amma Andrea da Barry ai a wajen Mexico suka taso, irin wanda aka saba. Ni maganar wurin nake. In aka samu guguwa a tsakiyar teku tsakanin Afirka da Karibiyan tun Yuni ko Yuli, alama ce tekun ya nuna da wuri. Haka aka yi a 1933, haka a 2005 da Dennis da Emily suka zo a Yuli dukkansu manya.

Malamin Jogirafi: To a nan ka kama ni, wannan hujja ce mai ƙarfi. Mu sa ido.

'Yar Damagaram: Sannunku da hira. Ni sabuwa ce a wannan harka, yayana ne ya saka ni guruf ɗin don ina son sha'anin meteyo tun ina lakkwal. Tambayata, yaushe ne ake raɗa suna, kuma wa ke zaɓa?

Mai Leƙen Hadari: Barka da zuwa 'yar'uwa. In iskar ta kai kilomita 63 a awa sai a ba ta suna, in ta kai 119 ta zama mahaukaciya mataki na 1, daga 178 mataki na 3, daga 252 mataki na 5 wanda babu na sama da shi. Sunayen jere ne guda 21 da hukumar yanayi ta duniya ke riƙe da shi, na mace na namiji bi da bi, duk shekara shida jerin ya dawo, sai dai wadda ta yi mummunar ɓarna a cire sunanta har abada kamar Katrina. In wannan ta samu suna Beryl ce.

Wani Ɗan'uwa: Ku dai ku yi hattara da shiga gaibu. Allah kaɗai Ya san abin da zai faru gobe.

Malamin Jogirafi: Haka ne akhi, Allah ne masani. Amma wannan duba ne ga abin da yake a fili, hoto ne tauraron ɗan'adam yake ɗauka kowa ya gani, kamar yadda Baba zai kalli gabas ya ce a kwashe shanya. Su kansu ba sa cewa tabbas, kashi cikin ɗari suke bayarwa.

Talata, 2 ga Yuli

Mai Leƙen Hadari: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tashi sallar asuba na duba waya, Beryl ta kai mataki na 5. Ranar Juma'a fa ko suna ba ta da shi, Asabar ta zama mahaukaciya, Lahadi mataki na 4 wanda ba a taɓa gani a watan Yuni ba, jiya ta bi ta kan tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada tana mataki na 4. Na ga bidiyon da aka ɗauka ta sama, da ƙyar ka ga gida mai rufi, jiragen kamun kifi a kife kan juna. Emily ce ta 2005 take riƙe da tarihin wadda ta fi sammakon kai mataki na 5 a shekara, tsakiyar Yuli, wannan ta riga ta da mako biyu. Wlh na daɗe ina kallon idon nan nata a hoton, zagayayye tas kamar bakin rijiya, jikina ya yi sanyi da na tuna a ƙarƙashinsa mutane ne.

Malamin Jogirafi: Allah Ya kai musu ɗauki. Ka faɗa tun Juma'a kuma ta tabbata, ban yi zaton za ta kai haka ba.

Baƙon Houston: Slm 'yan'uwa, na daɗe ina karanta ku ban taɓa magana ba. Ni a nan Houston nake da iyali shekara tara. Mu a nan ba kallon sha'awa muke wa taswirar nan ba, in ka ga zanen nan mai kama da mazurari ya fara karkatowa Texas to ka je ka sayi ruwan roba da batir ka cika tankin mota. Yanzu dai suna nuna Jamaica sannan Mexico, amma maƙwabcina tsoho ne da ya ga Alicia a 1983 ya ga Harvey a 2017, ya ce kar in saki jiki.

Mai Leƙen Hadari: Yaya akwai modal ɗin hasashen kwamfuta da ya nuna ta karkata arewa, bari in turo sikirinshot.

Malamin Jogirafi: Ƙanina wannan ɗabi'ar ce nake so mu rage a guruf ɗin nan. GFS, modal ɗin Amurka, sau huɗu yake fita a rana kuma yana zana har kwana 16 gaba, za ka ga ya ɗora ƙatuwar guguwa kan wani gari da safe, da yamma ta ɓace. Mutum ya ɗauki hoto ɗaya ya watsa, mai iyali a can ya kasa barci. In za ka turo, turo na Turai da na Amurka tare, kuma kar ya wuce kwana biyar. Yaya na Houston kai dai ka bi sanarwar cibiyar da ta hukumomin garinku.

Mai Leƙen Hadari: Na karɓi gyara Malam.

Talata, 16 ga Yuli

Baƙon Houston: Alhamdulillah muna lafiya, na ga saƙonninku Allah Ya bar zumunci. Maƙwabcina ya yi gaskiya. Ranar Litinin 8 ga wata da asuba ta shigo ta Matagorda, mataki na 1 kawai, wanda in ka ji za ka ce ai da sauƙi. Ba sauƙi. Tun kafin gari ya waye tagogi ke rawa, wata babbar bishiya a layinmu ta tuge da saiwarta ta kwanta kan wayar wuta, gidaje da shaguna sama da miliyan biyu suka shiga duhu. Mu kwana bakwai muka yi ba wuta, ga zafin Yuli, gidajen nan kuma ba irin namu ba ne da za ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an gina su ne don AC. Abin da ya fi damun uwargida naman layya ne da muka cika firiza da shi tun babbar sallah, kwana na biyu ya fara narkewa, sai ta ce a fito da murhun gas bayan gida, ta yanka shi ƙanana ta soya shi ƙarau irin na gida har ya bushe, muka raba wa maƙwabta, wata tsohuwa 'yar Mexico har da tambayar yadda ake yi. Layin mai kuwa sai da na yi awa biyu. Don haka ku da kuke lissafin mataki, ku sani mataki iska kawai yake aunawa.

Baba Manomi: Ikon Allah. Sannu Alhaji, Allah Ya kiyaye gaba. Ashe dai hadarin namu ne ya je ya same ka har can.

'Yar Damagaram: To ni abin da ban gane ba, me ya sa mu ba ta zuwa mana? Ga Legas ga Kwatano duk a bakin teku.

Malamin Jogirafi: Dalili biyu. Iskar da ke ɗauke da ayarin yamma take yi, wato baya take ba mu. Na biyu guguwa ba ta iya murɗewa kusa da layin ikwaita, juyawar duniya ce ke ba ta murɗa kuma a can ƙarfin ya yi kaɗan, gaɓar Legas kuwa digiri shida da 'yan kai ce. Kuma sai ta yi tafiya kan ruwan da ya kai zafin digiri 26 da rabi tana shan tururi kafin ta yi ƙarfi. Mafi kusa da mu su ne mutanen Cape Verde, a 2015 Fred ta ratsa tsibiransu tana mahaukaciya, rabon da su ga haka tun 1892.

Litinin, 2 ga Satumba

Mai Leƙen Hadari: Jama'a ni fa na rasa gane kan shekarar nan. Bayan Beryl aka samu Chris da Debby da Ernesto, tun 12 ga Agusta kuma shiru kake ji, yau Satumba ta kama, saura kwana takwas a kai 10 ga wata da ake cewa ita ce ƙololuwar lokacin guguwa. Kullum bakwai na safe da ɗaya na rana da bakwai na yamma ina duba sabuwar taswira, in na kai dare har ta ƙarfe ɗaya, ruwan ɗorawa ya fito ya ɓace. A 2020 war haka an wuce suna 14, shekarar da aka kai 30 har sunaye suka ƙare aka koma haruffan Girka. Mu kuwa biyar. Ko ƙurar Sahara ce? Na san ita ke shaƙe su, kamar wadda ta kai har Karibiyan a Yunin 2020.

'Yar Damagaram: Ɗan'uwa in kana neman hadarin ka zo nan ka gan shi. Rabona da ganin damina irin wannan ban sani ba, ruwa ba ya ɗagawa, gidajen ƙasa sai zubewa suke, har Agadas da ba ta saba ba ruwa ya yi ɓarna. Kakata ta ce ita ta ga farin 1973 ta ga na 1984, ba ta taɓa zaton za ta roƙi Allah Ya tsagaita ruwa ba.

Malamin Jogirafi: Ƙanwata kin ba shi amsa ba ki sani ba. Ƙura tana da hannu, amma masu bincike suna ta nuna wani abu daban, bana damina ta hau arewa fiye da ƙima, layin ruwan ya kutsa har cikin hamada. To ayarin da ya kamata ya faɗa teku ta Gini ko Senegal inda ruwa ke da ɗumi, sai yake fita ta wajen Muritaniya, can kuwa ruwan sanyi ne da busasshiyar iska, kafin ya yi nisa ya mutu. Ruwan da ke rushe gidaje a Damagaram da shirun da kake gani a teku asalinsu ɗaya.

Mai Leƙen Hadari: Amma Malam ni na karanta akasin haka, cewa in damina ta yi kyau a Sahel guguwa na yawa.

Malamin Jogirafi: Ka karanta daidai. Marigayi William Gray na Colorado, wanda ya fara hasashen shekara-shekara a 1984, shi ya nuna cewa shekarun ruwa a Sahel irin na 1950 zuwa 1960 da 'yan kai manyan guguwowi sun yi yawa, shekarun fari kuma suka ragu, a 1983 huɗu kacal aka sa wa suna. Har yana amfani da ruwan yankinmu cikin lissafinsa. Daga baya alaƙar ta yi rauni suka daina dogaro da ita. Yawan ruwan abu ne, ta inda ayarin ya fita kuma wani abu ne, bana shi muke gani.

Baba Manomi: Mu ma geron fadama ya sha ruwa har ya yi ja. Allah Ya sa mu tsira da na tudu.

Laraba, 4 ga Satumba

'Yar Damagaram: Jiya tsohon masallacin unguwar Birni a nan Damagaram ya rushe saboda ruwan sama, wanda aka gina tun ƙarni na 19. Na je na gani da idona, tulin jar ƙasa da azara a warwatse, dattawa sun tsaya suna kallo ba mai magana. Nan babana yake kai ni ina ƙarama.

Malamin Jogirafi: Subhanallah. Allah Ya mayar da alheri.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ɗan Yerwa: Ku sa mu a addu'a. Madatsar Alau ta ɓalle daren Litinin, kafin wayewar Talata ruwa ya shiga Gwange da kasuwar Monday har fadar Shehu. Mun fito da kayan jikinmu kawai, na goyo mahaifiyata ruwa har ƙirji, yanzu muna gidan kawuna a tudu. Caji ya kusa ƙarewa.

Mai Leƙen Hadari: Innalillahi. Ɗan'uwa ka turo min lambarka ta inbox yanzu. Admin don Allah a buɗe karo-karo. Ranar 9 ga wata ina nan ina rubuta cewa an samu Francine shirun ya ƙare, ashe a daren ruwa yana shiga gidanku.

Admin: An buɗe, bayanin yana saƙon da na maƙala a sama. Wanda ya tura ya sanar da ni.

Baƙon Houston: Na tura nawa, zan kuma yi wa 'yan'uwa magana a masallaci gobe.

Litinin, 30 ga Satumba

Baƙon Houston: Kun ga abin da Helene ta yi? Daren Alhamis ta shiga Florida tana mataki na 4, amma mafi munin ɓarnar can cikin duwatsun North Carolina ce, garin Asheville da ke nesa da teku ɗaruruwan kilomita, ruwa ya kwashe hanyoyi da gadoji, waɗanda suka rasu sun haura 100 kuma ana kan nema. Da na ga mutane a kan rufi suna jiran jirgi Ɗan Yerwa ne ya faɗo min a rai.

Malamin Jogirafi: Allah Ya ji ƙan musulmin cikinsu, Ya ba sauran haƙuri. Ƙanina ka lura ita Helene ba daga wajenmu ta zo ba, a yammacin Karibiyan ta haɗu cikin wani faffaɗan juyin iska da ke tasowa wajen Amurka ta Tsakiya. Ka rubuta wannan a littafinka. Kuma ka tuna 2022, Agusta gaba ɗaya ba a sa wa ko ɗaya suna ba, sai ga Ian ta afka Florida ranar 28 ga Satumba.

Mai Leƙen Hadari: Na rubuta Malam. Lissafin 25 ɗin nan kam da wuya a kai, amma har yanzu ina kan bakana cewa Beryl ta faɗi gaskiyar zafin tekun, jira kawai yake a ba shi hadari. Yanzu da damina ta fara ja da baya ayarin ya koma fita ta kudu, ga Joyce ta samu suna ranar Juma'a, yau kuma Kirk, can yamma da Cape Verde, akwai wani ma a bayanta. Wilma ta 2005 a Oktoba ta zo, Eta da Iota na 2020 a Nuwamba suka bugi Nicaragua mako biyu tsakani.

Malamin Jogirafi: Ranar 30 ga Nuwamba, da lokacin guguwa zai ƙare, sai mu baje littattafan mu kwatanta, ni ma ina da nawa tun 2017.

Ɗan Yerwa: Slm, na samu saƙonku Allah Ya saka da alheri. Ruwa ya janye mun koma, taɓo ne har gwiwa a ɗakuna muna ta kwashewa da shebur, Hajiya tana samun sauƙi. Mai Leƙen Hadari in ka samu lokaci ka nuna min yadda ake duba hoton nan na tauraro, ina so in riƙa ganin hadarin tun yana Chadi.

Mai Leƙen Hadari: Yau bayan isha'i in sha Allah zan kira ka. Ka sauke manhajar Windy ko Zoom Earth kafin nan, ba sa cin data sosai.